Yadda Muka Isa Deptford

Shekara biyu da aurenmu dattawan ikkilisiya suka kira maigidana suka ce za a aike shi Landan. Lokacin nan ne kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, aka ƙara wa ma'aikata albashi, duk malamin da ka sani ya sayi babur ko rediyo mai kaset. Gwamnati kuma tana ta tura samari da 'yan mata karatu Ingila, wasu aikin likita, wasu injiniya, wasu aikin jinya. A cikinsu akwai 'ya'yan ikkilisiyoyinmu, suna rubuto wasiƙa gida cewa sun yi wata da watanni ba su ji addu'a da Hausa ba. Sai wata ƙaramar majami'a a can, wadda mutanenta suka taɓa aiko mana masu bishara tun zamanin kakanninmu, ta nemi a turo mata pasto na shekara uku, ya riƙa taimaka musu, yana kuma kula da ɗaliban. Maigidana aka zaɓa, saboda yana da Turanci, kuma ba shi da saurin fushi.

Ni a lokacin malamar firamare ce a wani ƙaramin gari kudu da Zariya, ban taɓa wuce Kaduna ba. Ya dawo ya same ni ina tankaɗen gari ya faɗa mini. Na ce, “To, Allah ya kiyaye hanya, ya dawo mana da kai lafiya.”

Ya yi dariya ya ce, “Malama, ai da ke za a tafi.”

Na ajiye rariya, ban sake ɗaukarta ba ranar. Ƙanwarsa ce ta ƙarasa tuwon.

Wata guda muka yi muna shiri. Mahaifiyata ta cika gwangwanayen madara da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, ta liƙe bakin kowanne. Wata abokiyar aikina ta saƙa mini rigar sanyi koriya, hannuwanta sun fi nawa tsawo, sai na naɗe su sau biyu. Ana jibi za mu tashi kuma matan zumunta, wato ƙungiyar matan ikkilisiyarmu, suka zo gidan da rakiyar waƙa, shugabarsu na ɗauke da tulu. Irin tulun nan ne da muke bugawa in ana waƙa a majami'a, a dafe bakinsa da soso ya ba da murya mai zurfi kamar daga cikin rijiya. Ta ajiye shi gabana ta ce, “'Yata, kada ki je can ki zauna shiru. In kin sami mata uku, kin sami zumunta.”

Maigidana ya dubi tulun ya dube ta ya ce, “Mama, jirgin sama fa za mu shiga.”

Ta ce, “To, jirgin ba ya ɗaukar mutane masu ƙiba? Wannan ai bai kai rabina ba.”

Haka tulu ya shiga cikin kayanmu. Muka hau akori-kurar ikkilisiya da sassafe, ni a gaba da tulu a cinya, shi a baya yana dafe da akwatuna. Mata suka bi motar da waƙa har bakin gada. Mahaifiyata ba ta yi kuka ba, abin da kawai ta yi ta maimaitawa shi ne in riƙa rufe kunnuwana saboda sanyi. Muka kwana a Sabon Garin Kano gidan wani pasto, washegari da hantsi aka kai mu filin jirgi.

A cikin jirgi aka ba ni kujerar tsakiya. Maigidana na damana, a haguna kuwa wata mata ce fara, mai fara'a, wadda ba za ta girme ni da fiye da shekara biyar ba. Muka gaisa. Ta ce mijinta likita ne a wani asibiti a Landan, shekararsu huɗu a can, ta zo ganin gida ne za ta koma. Tun daga ranar Hajiya nake ce mata. Ita ta nuna mini yadda ake ɗaura bel, ta ba ni alewa ta ce in riƙa tsotsa don kada kunnena ya toshe.

Na naɗe tulun da zane na rungume shi. Wata ma'aikaciyar jirgi ta zo wucewa, ta ɗauka jariri ne, ta sunkuyo tana murmushi tana magana ƙasa-ƙasa don kada ta tashe shi, ta tambayi wata nawa gare shi. Da ta ɗaga gefen zanen ta ga baƙin bakin tulu sai ta ja da baya. Hajiya ta yi dariya har da hawaye. Ma'aikaciyar ma da ta gane ta yi ta dariya, ta karɓe shi ta sa a wani kabad a gaba, ta tokare shi da barguna.

Sai jirgin ya fara gudu. Na rufe ido na shiga addu'a da ƙarfi cikin sunan Yesu, ban san ina ɗaga murya ba. Can na ji ashe Hajiya ma tana tata addu'ar, kuma ta riƙe hannuna gam. Sai da muka daidaita a sama ta sake ni ta ce, “Kada ki ga na saba. Duk tashi haka nake yi.” Daga nan hira ta ɓarke. Ta bar mini taga na leƙa hamada, rairayi ja har iyakar gani, babu itace ko ɗaya. Aka kawo abinci a ƙananan mazubai, na ci burodin da naman, na bar wani koren ganye ɗanye da na ɗauka ado ne. Kafin mu sauka ta rubuta mini lambar wayar gidansu a bayan ambulan.

A filin jirgin Landan ma'aikacin kwastan ya buɗe gwangwani ɗaya, aka yi rashin sa'a na daddawa ne. Ya kawar da kai ya tambayi maigidana ko wani abu ne ya mutu a ciki. Maigidana ya yi masa bayani tiryan-tiryan, tun daga itacen ɗorawa har tukunyar miya. Mutumin ya rufe da sauri. Ya leƙa cikin tulu, ya zura hannu, ya ƙwanƙwasa gefensa, sa'an nan ya dafe bakin da tafin hannunsa sau ɗaya. Tulu ya amsa. Ya sake yi sau biyu, ya kira abokin aikinsa shi ma ya gwada, suka sa mana alli a akwatuna suka ce mu wuce.

Muna fitowa na ji murya daga cikin taro: “Maraba, maraba! Sannunku da zuwa! Ina gajiya? Yaya kuka baro mutanen gida?”

Na waiga ina neman wata tsohuwa ta garinmu, sai na ga gajeriyar baturiya mai furfura da jar hula. Ita majami'ar ta aiko ta tarye mu. Ta yi shekara talatin tana aikin jinya a wani ƙauye can wajenmu kafin ta yi ritaya, Hausarta kuwa irin ta kakata ce sak, har da kalmomin da na daɗe ban ji ba. Ta rungume ni ta ce, “'Yata, kin rame ne ko haka kike?” Na durƙusa na gaishe ta a tsakiyar mutane, na kira ta Mama, sunan ya bi ta har muka bar ƙasar.

A cikin ƙaramar motarta ta faɗa mana cewa gidan da za mu zauna a Deptford ba a gama fentinsa ba, don haka za mu ɗan sauka a masaukin baƙin mishan a Bloomsbury, unguwar jami'a. Ta ce sati biyu. Sati shida muka yi.

Ɗakinmu yana hawa na uku, da gado biyu ƙanana da taga mai duban wani fili mai manyan itatuwa. Ganyensu na ta zuba, kullum ina jiran in ga an zo an tattara wa awaki. Ban kwance akwatuna ba, kullum cewa nake gobe za mu tashi, sai dai in zaro abin da nake bukata in mayar. Kicin ɗaya ne ga duk gidan. Ranar da na fara miyar kuka, matar da ke kula da masaukin ta bi tagogi tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ban gama tuƙa tuwon garin shinkafa ba sai ga wani dogon saurayi a ƙofar kicin riƙe da littattafai, ya ce da Hausa, “Don Allah, wace ce take wannan aikin alheri?” Ɗalibi ne daga Jos, yana wucewa ta titi ya ji ƙamshin. Asabar ɗin da ta biyo ya zo da mutum huɗu, ta gaba da tara. Maigidana ya kan ce shi an aiko shi neman ɗalibai, ya yi ta yawo da takardar adireshi a jirgin ƙarƙashin ƙasa yana ɓacewa, ni kuwa ina tsaye gaban murhu sun kawo kansu. A kan matakalar masaukin muka yi sujadarmu ta farko da Hausa, don ɗakin bai ɗauke mu ba.

Da aka ce gida ya kammala sai na buga wa Hajiya waya in faɗa mata za mu tashi. Ta ce, “Kada ku yi booking ɗin kowace mota. Likita ba ya aiki ran Asabar.”

Suka zo da safe. Likita mutum ne mai ƙiba, mai son zolaya, ya dubi kayanmu ya ce, “Pasto, an ce mini ku mutanen Allah ba ku tara kayan duniya.” Aka cusa akwatuna a but, aka jera kwalaye a kujerar baya, Mama, da yake motarta na wurin gyara, ta matsa a gefensu don ita ce ke da makulli kuma ita ta san hanya. Da Hajiya ta shiga gaba sai mota ta cika maƙil. Saura ni da maigidana da tulu da kwali ɗaya na littattafai. Mama ta ce ba komai, akwai bas da ke tashi daga bakin filin nan har Deptford, ba sai mun canja ba. Ta rubuta adireshin a takarda, maigidana ya sa a aljihun kwat.

Muka tsaya a tasha. Bas ɗin ya iso, ja mai hawa biyu, irin wanda bayansa a buɗe yake, ba ƙofa. Na hau da tuluna. Maigidana ya ɗaga kwalin zai biyo ni sai gindinsa ya ɓalle, littattafai suka watse a ƙasa. Ya sunkuya yana tattarawa, ni kuma na ji ƙararrawa ta yi ƙara sau biyu daga sama, bas ya ja. Na gan shi ya miƙe da littafi a kowane hannu yana kira, “Malama! Malama!” har muka sha kwana.

Na tsaya riƙe da ƙarfe da hannu ɗaya, tulu a ɗayan. Adireshi yana aljihunsa. Sunan unguwar ma ban iya faɗarsa daidai ba. Turancin da na koyar shekara huɗu a aji ya gudu ya bar ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Wayyo Allah, na shiga uku!”

Sai na ji an ce daga matakala, “Mama, ka zauna, kar ka faɗi.”

Kwandastan ne yake saukowa daga hawan sama, baƙin mutum dattijo, da na'urar tikiti rataye a ƙirji. Na dube shi baki buɗe. Shekarata ashirin da huɗu, ba a taɓa ce mini Mama ba, ba a kuma taɓa ce mini “ka” ba. Ya ce shi mutumin zangon Kumasi ne, shekararsa goma sha biyar a wannan aiki. Ya ba ni haƙuri, ya ce daga sama bai ga akwai wanda ya rage ba. Na faɗa masa abin da ya faru.

Ya ce, “Mijinka ya san inda za ka?”

Na ce, “Shi ya sani, ni ce ban sani ba. Wai Datfo.”

Ya ce, “Deptford! Ai nan ne gida. Akwai kasuwa, akwai doya, akwai kifi. Ka zauna. In mun kai zan gaya maka, ka sauka ka tsaya wurin. Mijinka zai zo a bas na baya.”

Ya yanka mini tikiti ya zaunar da ni kusa da taga. Duk sa'ad da ya zo wucewa sai ya nuna mini wani abu. Da muka hau wata doguwar gada ya ce in duba kogi, na duba na ga ruwa ƙasa-ƙasa mai faɗi da jiragen kaya a kai. Wata tsohuwar baturiya da ke gefena ta tambaye shi abin da nake riƙe da shi, ya ce mata ganga ce ta coci, ta gyaɗa kai kamar kullum tana ganin irinta. Kafin mu isa hankalina ya kwanta har na fara kallon shaguna.

Ya sauke ni a bakin wani dogon titi cike da 'yan kasuwa, ya ce, “Allah ya kiyaye, Mama,” bas ya tafi. Ban sake ganinsa ba, ko da yake na yi shekara uku ina leƙa fuskar kowane kwandasta a layin.

Bas na farko ya zo, babu maigidana. Na biyu ma haka. Sanyi ya fara shiga ƙafata, hannuwana suka gaji. Sai na yi abin da kowace mace a garinmu za ta yi, na naɗe zanen da na lulluɓe tulun da shi na yi gammo, na ɗora tulun a ka, na zura hannuwana cikin dogayen hannuwan koriyar rigata. Masu sayar da kayan marmari suka daina kiran ciniki suna kallona. Wani mai kifi ya tafa mini. Wata yarinya ta ja hannun uwarta tana nuna ni. Ni dai ina tsaye, idona a kan titi.

Ashe gidan bai fi tafiyar minti biyar daga wurin ba. Su Likita sun sauke kaya, sun jira mu har sun gaji, Hajiya ta ce bari ta fito ta sayo tsintsiya ta kuma duba tasha. Ta ce tun daga ƙarshen kasuwa ta hango tulu yana tsaye a saman kawunan Turawa, ta ce a ranta, duk Ingila mutum ɗaya ce za ta yi wannan. Ta iso tana dariya ta ce, “Ƙanwata, ina kika yar da Pasto?”

Sai bayan fiye da awa guda ya iso. Shi a tunaninsa zan sauka a tasha ta gaba in jira shi, don haka ya ɗaure littattafan da bel ɗinsa ya bi hanya a ƙafa, tasha bayan tasha, yana tambayar mutane ko sun ga mace da tukunya. Sai da ya kai bakin gada ya haƙura ya hau bas. Ya shigo yana gumi a cikin wannan sanyi, hannu ɗaya riƙe da littattafai, ɗayan riƙe da wando. Ya dube ni ina zaune a kan akwati da kofin shayi, ya sauke ajiyar zuciya ya ce, “Malama, me ya hana ki sauka?”

Na ce, “Malam, me ya hana ka hawa?”

Likita ya ce, “Pasto, yau dai tunkiya ta riga makiyayi isa gida.” Maigidana ya zauna a ƙasa ya yi ta dariya har Mama ta miƙa masa ruwa.

Gidan ɗaki biyu ne da kicin a saman shagon mai gyaran takalma, yana warin sabon fenti. Hajiya ta zo da shinkafa da miyar kaza a langa, muka shimfiɗa jarida a ƙasa muka ci da hannu, har Mama. Da azahar ta yi Likita ya tambaya ko akwai inda za su yi salla. Maigidana ya kwashe kwalaye daga ɗakin ciki, na ba su sabon zanena suka shimfiɗa. Da suka idar muka tsaya mu uku, Mama ta yi addu'ar shiga gida da Hausarta ta tsofaffi, ta roƙa wa gidan albarka, ta roƙa wa Likita da iyalinsa, har kwandastan ba ta manta ba. Ranar na kwance akwatunana duka, na jera gwangwanayen mahaifiyata a kan kanta.

Shekara uku muka yi a wannan gida. Majami'ar ƙarama ce, yawancin mutanenta tsofaffi, suka karɓe mu hannu biyu. Ran Lahadi da safe maigidana ya yi wa'azi da Turanci, da yamma ɗalibai su zo a yi da Hausa. Kafin Kirsimeti na sami 'yan mata uku masu koyon jinya, muka fara zumunta a kicin ɗina. Tafiye-tafiye kuwa ba su ƙare ba, don kusan kowane wata sai mun hau jirgin ƙasa zuwa wani gari inda aka ce akwai ɗan ikkilisiya shi kaɗai. Amma tun daga ranar ƙaura kowa yake riƙe da tasa takardar adireshi, kuma maigidana ne yake fara hawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a unguwar ya faru ne a satinmu na farko. Na fita da safe in ga gari, na bi wani lungu sai ga ni a bakin kogi, ruwa cike har yana dukan bango. Na ji daɗi, na ce gobe zan kawo maigidana. Washegari bayan azahar na ja shi muka je. Babu ruwa sai can tsakiya. Laka ce shimfiɗe, ƙananan jirage sun kwanta a gefe ɗaya, tsuntsaye na yawo a inda jiya na ga igiyar ruwa. Na ce, “Malam, wallahi jiya a cike yake. Ko sun buɗe dam ne?”

Shi ma ya tsaya yana sosa ƙeya. Wani tsoho da ke zaune a kan benci da karensa ya ga muna ta nune-nune, ya tambayi abin da ya ɓace mana. Maigidana ya ce masa kogi. Tsohon ya yi dariya har ya yi tari, ya matsa ya ba mu wuri, ya ce teku ce take janye ruwan ta kuma dawo da shi, sau biyu kowace rana, tun yana yaro yana aikin dako a wannan gaɓa haka take yi. Maigidana ya ce ai ya taɓa karanta wannan a makaranta, na ce ni ma na koyar da shi a aji shida, har na zana a allo.

Tsohon ya ce in muna da haƙuri mu zauna mu gani. Muka zauna. A hankali ruwa ya fara rarrafowa ta cikin laka, ya kewaye jirgi na farko, ya ɗaga shi ya miƙar. Maigidana ya duba agogo ya ce yana da baƙi ƙarfe huɗu, ya tashi. Na ce ya je, ina nan tafe. Na zauna tare da tsohon da karensa har jirgi na uku ya tashi tsaye, sa'an nan na bi ta kasuwa na sayi kifi na koma gida.